Naman da Na Sauke Saboda Guguwa

Har yau in na ga mutumin nan mai kwat ya tsaya gaban taswira a talabijin yana wulwula hannu a kan teku, tashi nake in bar ɗakin. Yaran gida sun ɗauka tsufa ne ya sa ba na son hayaniya. Ba tsufa ba ne, haushi ne, kuma haushin nawa yana da tushe.

A shekarun da nake magana ina zaune a Nakkasa, unguwar da ke maƙale a jikin duwatsun Makka, tun kafin a rushe yawancinta. Mu ne ake kira takari: mun je Hajji ko Umara, jirgi ya juyo gida, mu muka zauna. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka kowa da 'yar sana'ar da yake laɓewa a bayanta. Ni shara da wanke-wanke nake yi a gidajen Larabawa, lokacin Hajji kuma in tuƙa wa alhazanmu tuwo, don ba sa daɗewa suke fara kukan shinkafa ta ishe su. Ɗakina guda ne, a hawa na sama na wani gida da ake ɗora wa bulo duk lokacin da mai shi ya samu sarari. Taga ɗaya, tsohuwar fanka ɗaya, sai ƙaramin murhun gas a bakin ƙofa.

Ina da 'ya guda a Kano. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, na miƙa ta ga ƙanwarsa na ce shekara biyu zan yi in dawo da jari. Kowace takari da wannan shekara biyun ta zo, kuma ban san wadda tata ta ƙare ba. 'Yar fari ce, ko a gida ba na kama sunanta, a nan ma ba zan kama ba. Gwaggon da ta raine ta take kira Inna. Ni kuwa Hajiya ce. Ni ke kiran waya, ita ta ɗauka ta ce, "Hajiya ina wuni, Hajiya ya aiki," da ladabi tsaf, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabciya mai yawan alheri. Na sha gaya wa kaina ai al'ada ce, tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunya. Amma ni na san kunya, na kuma san nisa, kuma wannan nisa ne.

An yi aurenta ba ni nan, hotuna kawai na gani. Da aka ce tana da ciki har ya tsufa, sai abin ya tsaya mini a rai. A wajenmu haihuwar fari gida ake komawa, uwa ce ke tashi ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta tsare mai jego da nama da yaji har sai ta ci ta ce ta ƙoshi, a ce ƙara. Ni kuwa ƙofar fita guda ce gare ni: in miƙa kaina, a ɗauki hoton yatsuna, a saka ni jirgi, ba kuma dawowa. Da na yi haka, bakunan da nake ciyarwa a can, har da na ita gwaggon, sai su koma kallona. Ruwan wanka ba ya shiga jaka, kunu ba ya shiga jaka. Nama yana shiga. Na ce to, wannan ɗaya dai daga hannuna zai fito, ko ba komai in ta kai loma baki ta san wadda ta yanka shi.

Allah ya taimake ni, a shekarar wata Hajiya 'yar unguwarmu ta Kano ta zo sauke farali, masaukinsu yana unguwar Misfala. Na je na gaishe ta da kwanon tuwo, na faɗa mata buƙatata. Mace ce mai kirki, ta ce za ta rage mini wuri a jakarta, har ta ba ni cinya biyu daga ragon hadayarta, ta kuma yi wa abokan ɗakinta magana kowa ya yafa mini. Na hau dutsen Nakkasa da nama a ka, ina haki ina murna. Ta ja mini kunne dai cewa tashinsu ya kusa, kada in yi sanya.

Soyayyen nama nauyi gare shi, ga mai da ke ɓata kayan mutane, don haka busarwa muke yi. Aikin a soron gida ake yinsa, wanda a can ake kira suɗuhi, kuma a gidanmu na mata ne zalla: nan muke shanya, nan muke kitso, nan ake cire mayafi a sha iska, namiji ba ya taka wurin. Na zauna na yanyana naman siriri-siriri, na cire kitse tas, na murtsuke shi da gishiri, na jera a igiya. Ranar Makka ba ta wasa da nama, cikin 'yan kwanaki sai ka ji ya yi ƙarau. Sai dai yana son tsaro. Ana juya shi, ana korar mage da shirwa, ana kwashewa in rana ta faɗi a mayar da safe. Kuma akwai doka guda da kowace mai shanya ta sani: naman da ya fara shan rana bai gama ba ya fi ɗanye saurin lalacewa, don bayansa ya rufe, cikinsa da ruwa. Ka raba shi da rana a wannan gaɓa, daga ciki zai ruɓe.

Nawa yana daidai wannan gaɓar maƙwabciyata ta ƙwalla mini kira. Mutuniyar garin Tawa ce, ɗakinta na fuskantar nawa, ita ke da talabijin mai faranti, kuma ba ta taɓa jin labari ta bar shi ya huce ba.

"Ke Hajja, taho maza ki gani! I'isar na! Guguwa ta, irin wadda ka tashin gari gaba ɗai!"

Na sauko da wuƙa a hannu na tarar mata sun cika ɗakin. Ga mai kwat a gaban taswira, ga wani farin abu yana juyawa a kan teku, ga jar kibiya ta fito daga cikinsa ta nufo sama. Kiɗan da suka saka a ƙarƙashi kaɗai ya isa ya tsinka hanjin mutum. Sai su nuno bishiyoyi suna rusunawa, su nuno motoci suna iyo, su nuno wani ɗan jarida a bakin ruwa yana ihu yana riƙe da hularsa, kamar an ce dole sai a nan zai tsaya. A canza tasha, nan ma haka, sai dai kibiyarsu ta fi tsawo. Larabcin labarai ba irin namu na kasuwa ba ne, rabi muke ji, rabi kowa ta cike da nata. Wata ta ce ta ji an ambaci Jidda. Wata ta ce in dai ta ci Jidda ai mu ne na gaba. Kafin a yi haka wata tsohuwa ta fara salati da kuka.

Ba zan ce tsoron nan wauta ce zalla ba. Makka ba ta cika samun ruwa ba, amma in ta samu ba ta iya riƙe shi, dutse ba ya sha. Na sha ganin matakalar unguwarmu ta koma rafi nan da nan, tana gangarawa da shara da takalma da tukwanen mutane. Rabin ɗakunan Nakkasa kwano ne aka danne da tayoyi da duwatsu. Kuma in abu ya faru, mu ba masu zuwa asibiti ba ne, ba masu kiran hukuma ba ne, don tambayar farko da za a yi mana ita ce ina iƙama. Mutanen da ke kwana a haka ba sa buƙatar dogon lallashi kafin su tsorata.

Duk da haka ban yarda nan take ba. A ƙasan gidanmu akwai wani ɗalibi mutumin Zariya da ke karatun hadisi, mai iyali a gida, mutum mai sanyin magana, Malam muke ce masa. Na sauka na yi sallama na ce ya duba mini gaskiyar lamarin. Ya ɗauko wayarsa ya karanta a tsanake, yana bin rubutun da yatsa.

"Hajiya, guguwa dai akwai ta, ba ƙarya ba ce. Amma tana can tekun da ke bayan Yaman. Tsakaninmu da ita akwai ƙasa guda, da hamada, da duwatsu. Guguwar teku kuwa da ta hau tudu ƙarfinta karyewa yake. Masu aikin hasashen nan abin da suka rubuta shi ne a nan za a iya samun zafi mai danshi, da ɗan gajimare, ƙila yayyafi."

"To motocin da na gani suna iyo fa?"

"Tsohon hoto ne, na wata ƙasa. Dubi lambar motocin ma ba irin ta nan ba ce."

"Su kuma me ya sa suke tayar mana da hankali?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Hajiya, in suka ce ba komai, wa zai zauna ya kalle su?"

Na yarda da shi, kuma ina so a san wannan. Na ɗaga kai na dubi sama, fes take, ko ɗigon gajimare babu. Na daɗe a garin nan, na san kamannin sama in tana da niyya. Na koma soro na juya namana, har ina yi wa maƙwabciyata tsiya cewa in guguwar ta zo ta aiko ta ta taya ni korar ƙuda.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne labarin ya riga ya haye teku ya isa gida, kuma mutanenmu ba sa karɓar labari su miƙa shi haka nan, sai sun zuba masa yaji. Wayata ta fara ƙara ba tsayawa. Saƙon murya na wani mutum da ban sani ba, yana shessheƙa yana cewa jama'a a tashi da addu'a, ruwa zai shanye Makka. Wani ya ce an riga an kwashe mutane. Wata ta rantse da idonta ta ga gawarwaki. Hoton motocin nan dai shi ne, an rubuta Makka a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe. Ina zaune a Makkar, rana na ƙona mini ƙeya, mutanen da ko filin jirgi ba su taɓa gani ba suna ba ni labarin nutsewata. Tsaki na yi ta ja, na kife wayar a kan tabarma.

Bayan la'asar ta sake ƙara. Na duba, lambar 'yata ce, kuma ba ta taɓa kirana da kanta ba. Na ɗauka haihuwar ce ta zo da matsala.

"Inna! Inna kina ina?"

Kuka take yi, numfashinta na sarƙewa. Na zaci kuskuren lamba ta yi, gwaggonta take nema. Na ce, "Ni ce fa, Hajiya."

"Na sani. Inna kina ina yanzu?"

Na zauna a kan bokiti. Tun da ta fara magana a duniya ban ji wannan kalma daga bakinta ta nufo ni ba. Na ce ina soro, ina shanya.

"Soro? Wayyo Allah! An ce mutanen da ke sama iska ta fara ɗauka. Ki sauka, don girman Allah ki sauka. Ki bar shanyar, ko mene ne."

Na so in ce mata naki ne. Na so in ce Malam ya duba, ba komai, sama fes. Kunya ta riƙe na farko, na biyun kuma ban so in faɗa ba, don in na ce ba komai kukan zai tsaya, ni kuwa ban ƙoshi da jin ana kuka saboda ni ba.

"Ki rantse mini ba za ki sake hawa ba sai guguwar ta wuce. Inna ki rantse, in ba haka ba wallahi ba zan iya cin abinci ba."

Na rantse. Mace mai tsohon ciki tana kuka, me zan yi? Kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa roƙona komai ba, ko ɗan kunne.

Barin naman a sama ba mai tsaro daidai yake da yi wa magen unguwa walima, don haka na kwashe shi duka kafin in sauko. Gaskiya kuma a lokacin tsoron ya fara shigata. Muryar Malam mai sanyi ce, tata kuwa ta shiga har ƙashi, sai na ji to wa ya sani. Na ɗaura wasu igiyoyi a ɗakina daga ƙusa zuwa ƙusa, na rataye shi, na kunna fanka. Maƙwabciyata ta shigo da kwali da salatif ta liƙe mini taga ruf, wai haka aka ce a talabijin, kada gilashi ya fashe. Na ce a raina ai gobe ne, in ta wuce in mayar da shi rana, kwana ɗaya ba zai kashe shi ba.

Gobe ta zo, guguwa ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne ainihin abin da Malam ya karanto: wani zafi mai danƙo, iska ta tsaya cik, mutum na zaune zufa na bin bayansa. Fankata sai juya wannan danshin take yi a kan naman. A waje kuwa rana na nan, ta ɗan yi dishi-dishi amma tana nan, wadda ta isa ta ƙarasa mini aikina. Ina ganin haskenta a kan matakalar soro daga bakin ƙofata. Mai kwat ya ce ta rage gudu amma ta ƙara ƙarfi, a saurare ta gobe. Ya faɗa da fara'arsa, ya gyara wuyan rigarsa.

Duk matar da ta taɓa yin layya za ta ce me ya hana ki soya. Na yi niyya. Na ɗora kasko, na soya kaɗan, wutar ta yi ja ta mutu, gas ya ƙare. Na saɓi tukunyar gas ɗin na gangara har bakin titi. Mai shagon ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ma fi gas, ya Hajja, kalas," wato babu, an gama. Mutane sun wawashe tun jiya, da gas da burodi da ruwan sha, masu motoci sun zo sun loda kamar za a yi yaƙi. Na hau dutsen da tukunya ba komai ciki. Na roƙi maƙwabciyata aron nata, ta ce in guguwa ta tsare mu sati da mi za ta dafa wa ɗiyanta. Na ce to ta hau mini da naman sama, ni na yi rantsuwa.

"Ni? In hau suɗuhi yau? In iska ta ɗauke ni ke ka riƙon marayuna?"

Na nuna mata zanen da wata ta manta a igiyar tsakar gida, ko motsi ba ya yi. Ta ce ai haka take yi, shiru take fara yi kafin ta afko, mai kwat ya faɗa. Duk gidan ba macen da ta yarda ta taka matakalar nan.

Na koma wajen Malam. Shi ba shi da halin hawa soron mata, tagarsa kuma lungu take kallo, rana ba ta leƙa ta. Ya saurare ni ya ce, "Hajiya, wannan ai mai sauƙi ne. Rantsuwa in aka ga abin da ya fi ta alheri, karya ta ake yi a yi kaffara. Ki hau ki shanya namanki, ki yi azumi daga baya."

Ya faɗi gaskiya ta fuskar karatu, kuma azumi bai taɓa ba ni tsoro ba. Amma ba kaffara ce damuwata ba. Yarinyar nan abu ɗaya ta taɓa nema a wurina, kuma da sunan da na ƙagu in ji ta neme shi. Na taɓa yi mata alkawarin shekara biyu. Ban ga yadda zan yi in ƙara mata wani a kai ba, ko da ba za ta taɓa sani ba. Na yi masa godiya na hau ɗakina, na ƙara wa naman gishiri, na yage kwalin tagar, na zauna ina yi masa fifita da faifai kamar mai jinya.

Rantsuwar tawa cewa ta yi sai guguwar ta wuce. To abin da bai zo ba yaya zai wuce? Kullum in leƙa ɗakin maƙwabciyata in ji ko an ce ta wuce, kullum a ce bukra, gobe. Da haka har safiyar da na dawo daga alwala na tura ƙofata, warin ya mayar da ni baya. Na kama yanki guda na tsaga. Bayansa lafiya lau, har da sheƙi. Cikinsa kore, yana yauƙi. Na bi igiya igiya ina tsagawa, ina neman ko guda da ya tsira, har na fara ganin abin da ke motsi a ciki na daina.

Na zuba shi a buhu na gangara da shi juji. Magunan unguwa suka biyo ni a jere, suka shinshina, wasu ma suka juya. Da na hawo na wuce ta ƙofar maƙwabciyata, ƙwallo ake bugawa a talabijin. Na tsaya na ce ina labarin guguwa. Ta canza tasha, ga mai kwat, kwat ɗin ma bai canza ba, yana wulwula hannu a kan wani tekun daban, yana tsorata wasu bayin Allah. Ba wanda ya fito ya ce jama'a an fasa. Ba wanda ya ce mun zuzuta, ku yi haƙuri. Sun dai ɗauke kibiyarsu sun tafi da ita gaba.

"Alhamdu lillahi," in ji maƙwabciyata, "addu'armu ta ta kore ta."

A waya ma haka. Mutumin nan mai shessheƙa ya sake aiko murya, yanzu da kabbara, wai kun ga ƙarfin addu'a. Kowa ya fita da riba. Masu talabijin sun samu 'yan kallo, mai shago ya sayar da gas ɗinsa, mai kuka ya zama mai karama, maƙwabciyata ta samu labarin da za ta yi ta bayarwa har shekara ta zagayo. Ban ce addu'a ba ta aiki ba, Allah ya tsare ni. Na dai ce ba wanda ya tambayi abin da ke wari a ɗakina.

Hadaya ta wuce, ba sauran naman da za a yafa wa kowa, lokacin sake shanya ma babu. Abin da na soya kafin gas ya mutu na zuba a gwangwanin madara, bai ma cika ba. Na haɗa da yajin da na daka, da dabino, na gangara Misfala. Hajiyar nan na zaune a kan jakarta ana ɗaure kaya. Ta ga ledar hannuna ta leƙa bayana, tana neman mai ɗauke da sauran.

"Ina naman? Rabin jaka fa na bar miki, har darduma na fasa saye."

Na ce guguwa ce. Ta ce wace guguwa, ai ba a yi ba. Na ce eh, ita.

Ba a daɗe ba aka haihu, namiji, lafiya lau. Na bari aka yi suna, hayaniya ta lafa, sannan na kira. Tun da safe nake shirya abin da zan ce. Ta ɗauka.

"Hajiya ina wuni. Ya aiki?"

Na ce lafiya, ya jego, ya ɗan baƙo.

"Lafiya ƙalau. Saƙo ya iso, an gode, Allah ya saka. Ai da ba ki wahalar da kanki da naman ba, Inna ta soya mini da yawa, har mun rasa inda za mu kai shi." Ta yi 'yar dariya. "Ashe guguwar nan ma duk zuƙi ce, ranar har na kasa cin abinci a banza. Ga Inna ku gaisa."

Muka gaisa da Inna. Ta ba ni labarin ruwan wanka da kunun kanwa, da yadda mai jegon ke gardama kafin ta ci. Na yi mata godiya, don ta cancanta, ita ta yi wahalar. Da muka ajiye waya na hau soro, karo na farko tun ranar da na rantse. Igiyoyina na nan inda na bar su, gishiri ya bushe a jikinsu, rana na dukansu ba abin da ke kai. Na kwance su na naɗe.

Na tsani mai kwat, na faɗa tun farko. Amma sauran shekarun da na yi a Nakkasa, duk lokacin da maƙwabciyata ta ƙwalla kira cewa ga wani farin abu na juyawa a teku, ni ce ta farkon shiga ɗakin. In zauna gaba-gaba, waya a cinya, ina bin jar kibiyar da ido, ina roƙon ta karkato wajenmu ko da ƙarya ne, ko labarin zai sake isa Kano. Ba ta sake karkatowa ba.

Da aka zo rushe unguwar aka kwashe mu, na dawo gida ta ƙofar nan guda. Yanzu tsakanina da 'yata tafiyar ƙafa ce. Takan zo ran Juma'a da yaranta, ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye mini kwanon abinci, ta ce Hajiya ina wuni.